Bakin Rumbun da Ka Yaɓe

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga tsohuwarka da ke Sabon Birni, zuwa ga Maigida, mijina na ƙarshe, wanda ya tafi ya bar ni ba ko goron sallama. Gaisuwa mai yawa, da fatan wagga takarda ta iske ka lafiya a zangon Isa, kai da fataken da kake tare da su da jakunansu. Allah shi tsare ka daga sharrin hanya, da na ruwan baƙon wuri, da na zuciyarka, wanda shi na fi jin tsoro yanzu.

Da hannuna na rubuta, da ɗan ajamin da na tsinta a zauren babana ina yarinya. In ka ga wani harafi ya kwanta, ka tashe shi, tsufa ne ya kayar da shi. Kuma kada ka ba kowa ya karanta maka, maganar miji da mata ce.

Ɗan Tozai mai jakuna ya dawo, ya tsaya ƙofar gida ya ba mu labarinka. Ya ce ba ka cin tuwo. Ya ce kana zaune bakin zango ka ba Ƙaura baya kana kallon hanyar gida, har ka shaida wa madugu ba za ka wuce ba, komowa za ka yi. Ya ce abin da ke cin ka shi ne, kai ka hau tsani ka yaɓe bakin rumbu da laka ana gobe za ka tafi, kuma tun safiyar ranar ba wanda ya sake ganin kyanwarka Toka. Ka ƙulla a ranka cewa ta bi ɓera ta shige cikin dammunan gero, kai kuma ka rufe ta da hannunka.

To, ka san ayarin zai tashi da an watse kasuwar Isa. Ka kuma san telan nan na Ƙaura ya ce zai riƙe maka kujerar keken ɗinki har a fara awon gyaɗa, in ba ka zo ba ya ba wani. Kawunka ya sha zirga-zirga kafin ya samo maka wurin nan. Saboda haka maganata guda ce: kada ka juyo. Dalilin yana ƙarshen takarda. In haƙuri ya gagare ka, juya ka duba, sannan ka dawo nan ka bi ni a hankali, don ka san ban taɓa ba ka tuwo ba sai ka wanke hannu.

Na san inda ka samo tsoron nan. Daga bakina ka same shi. Ni na riƙa ba ku labarin Guntuwa kuna yara, ina kwaikwayon kukanta kuna ɓuya bayan juna. Na mai da shi tatsuniya don ta haka na iya ɗaukarsa. Yau za ni ba ka shi yadda yake, da wautar da na tafka a ciki, ko ka rage wata.

Guntuwa kyanwata ce, baƙa, wutsiyarta rabi. Lokacin Nasara bai daɗe da shigowa ƙasar nan ba, ina goyon babanka, ni kuma baƙuwa ce a gidan, ba ni da abokin hira sai ita. Kakanka mai sunanka, Allah shi jiƙan shi, mutum ne mai kirki, amma sai ya wuni bai ce uffan ba. Ita kuwa in na yi mata magana sai ta amsa. In ina daka tana gefen turmi, in ina kaɗi tana faɗa da mazari. Da kaka ta yi, aka ɗebo gero aka cika rumbu aka yaɓe. Da la'asar na zuba mata nono a kasko, na yi kira, shiru.

Abu na farko da na yi, na nemi wanda za ni ɗora wa. Akwai Tumba mai daddawa, katanga ɗaya ta raba mu, ita ta kama hannuna ranar da na haifi babanka. Ta taɓa cewa in Guntuwa ta sake taɓa mata kaji za ta jefa ta rijiya. Wasa take, ni ma na san wasa take. Amma da baƙin ciki ya cika mini ciki sai na hau turmi na leƙa ta katanga na ce, "Tumba, ina kika kai mini kyanwa?"

Ta ɗago tana dariya, ta ce, "Na yi miya da ita, ki kawo ƙoƙo in sam miki."

Na ce, "Allah ya isa."

Dariyar ta tsaya. Ta dube ni ta ce, "Ni, Hajo? A kan kyanwa?" Ta sunkuya ta ci gaba da shanya daddawarta.

Ba ta sake leƙowa ta katangar nan ba. Kafin in haɗiye girman kaina in je in ba ta haƙuri, mijinta ya kwashe su sun koma wajen danginsa a ƙetaren iyaka, inda Faransa ke mulki, can ta rasu. Maigida, baƙin ciki ba ya son zama shi kaɗai, sai ya nemi fuskar da zai mara. Ni na mari Tumba. Kai kuwa da ba ka da maƙwabciya a zango, kanka kake mari. Duk ɗaya ne, kuma duk zalunci ne. In ka ji zuciyarka tana nuna wani da yatsa, ko da kai ne, ka ce mata ta dakata sai an gani.

Sai kuma na daina cin abinci, kamar yadda aka ce kana yi. Ina ganin in na ci na ƙoshi alhali ban san ko ta ci ba, na ci amanarta. Na riƙa zama bakin ƙofa ina kallon kan katanga. Ban ankara ba sai nonona ya ja baya, babanka ya kama tsala ihu, ya rame har wuyansa ya zama kamar na zabo. Uwar mijina ta zo da ƙwaryar kunu ta dangwarar gabana ta ce, "Ke 'yar nan, kyanwa ta ɓata, yanzu kuma ɗan mutane za ki ɓatar? Sha, ko in ɗura miki kamar akuya." Na sha ina kuka. Ka ga babanka yanzu da ƙaton wuya kamar na bajimi, kada ka faɗa mishi na ce ya taɓa kama da zabo.

Yunwarka ba ta zuwa cikin Toka ta zama nono. Kai kaɗai take ci. Kuma ƙafar da za ta taka keke daga safe har yamma ba a yin ta da azumin da Allah bai ɗora ba. In an sauke tukunya a zango, ka matsa ka sa hannu. In tuwon ya tsaya maka a wuya, ka kora da ruwa ka ƙara loma. Haka ake yi, ba wata dabara.

Wauta ta gaba ita ce wadda kuka fi so kuna yara. Aka ce mini akwai mai duba a bayan kasuwa, na saci jiki na kai mishi kazata mai ƙwai. Ya share ƙasa, ya zana, ya goge, ya sake zanawa, ya rufe ido ya ce, "Tana gabas, gidan da ke da tsamiya, wata mace mai wushirya tana ba ta nama." Na ji sanyi har cikin ƙashi. Na goya babanka na bi masu zuwa cin kasuwa har Kurawa, ina shiga gida gida ina duba bakin matan mutane. Ka san yawan tsamiya a Kurawa? Ka san yawan masu wushirya? Wata tsohuwa ta ce, "Baiwar Allah, haƙora kike saye?" Na dawo ƙafa a kumbure, ba kyanwa ba kaza.

Kuna dariya a nan, ni ma ina taya ku. Abin da ban faɗa muku ba shi ne, duk tafiyar nan da na yi, nesa da ita nake ƙara yi. Mai neman abin da ya ɓace yana son a ce mishi ga shi can, ko ƙarya ce, don rashin sani ya fi komi ciwo. A Ƙaura za ka iske masu irin wannan baki da yawa, inda jirgin ƙasa ke tsayawa ba abin da ba a sayarwa. Duk wanda ya ce ya san abin da Allah ya ɓoye, ka riƙe kazarka ka wuce.

Yanzu ga babbar. Tun kafin in tafi Kurawa rumbun ya faɗo mini a rai. Ina shara kusa da shi na ji kamar motsi, na kara kunne jikin laka, ban ji komi ba. Na sami mai sunanka yana gyaran igiya na ce, "Malam, ko a duba rumbu?"

Bai ɗago ba ya ce, "Rumbun da aka yaɓe?"

Na ce, "Shi."

Ya ce, "Sai ruwa ya sauka."

Ka san al'adar. Rumbun da aka yaɓe da kaka na damina ne, ba a fasa shi sai an yi shuka, lokacin da ƙananan rumbuna suka ƙare. Wanda ya fasa nasa da wuri, gari ya ce yunwa ta shiga gidansa ko kuma ba shi da kan gado. Kuma mace ba ta hawan tsanin rumbu. Ni yarinya, baƙuwa, sai na ja bakina. Sau ɗaya na faɗa, da ƙaramar murya, na koma ɗaki. Da na yi kuka a gabansa, da na je wurin uwarsa, da an buɗe, don ba mugu ba ne. Kunya ta hana ni, kada a ce amarya ta tada gida saboda kyanwa.

Da ruwa ya sauka aka fasa. Shi ya shiga. Ya daɗe, sannan ya fito da abu naɗe cikin rigarsa, bai bari na gani ba. Ya kai bayan gida ya haƙa rami. Da ya dawo ya tsaya bakin ɗakina ya ce, "Kin faɗa." Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma har ya bar duniya bai sake yaɓe rumbu ba sai ya shiga ya duba da idonsa ya tabbata ba kyanwar kowa a ciki.

Na daɗe ina jin tsoron labarin nan da malamai ke bayarwa, na matar da ta tsare kyanwa har ta mutu. Na je na tambayi babana. Ya ce waccan da gangan ta yi, tana ji tana gani, Allah kuwa zuciya yake dubawa. Na san kai ma labarin nan yana cikin abin da ya hana ka cin tuwo, shi ya sa na faɗa maka amsar malami, ba tawa ba. Abin da za ka ɗauka daga wautata shi ne wanga: in abu ya tsaya maka a rai kuma akwai rai a ciki, ka faɗa da ƙarfi, ka sake faɗa, ko za a yi maka dariya. Dariya tana wucewa kafin a yi sallar la'asar. Shirun da na yi kuwa ga shi har na yi furfura yana nan.

Daga nan na rantse ba ni ba kyanwa. Ko ta maƙwabta ta hau katanga sai in kore ta da muciya. Na ɗauka in ban sake so ba, ba za ni sake kuka ba. Shekaru suka tafi a haka, ɓeraye suka yi sarauta a ɗakina, har suna cin goro a gabana. Sai ga uwarka Ige, Allah shi haskaka kabarinta, ta je ganin gida Tozai ta dawo da wata 'yar abu mai launin toka cikin kwando, kana ɗan yaro kana bin ta da tsalle. Na ce, "Ba a gidan nan ba."

Ta durƙusa ta ce, "To Inna, ki riƙe mini ita in sha ruwa, sai in mayar."

Ta ɗora mini ita a cinya ta shige ɗaki, ta ƙi fitowa. Uwarka da wayo kamar me. Abar nan ta lafe cikin zanena, tana wannan gurnani nasu, ɗuminta yana ratsa ni. Kafin Ige ta gama shan ruwanta, wanda ta kusa shanye randa, ni na riga na aika a samo nono. Na yi asarar shekaru masu yawa na wannan ɗumi saboda tsoro. Kada ka yi irin tawa. In ka zauna Ƙaura wata ta leƙo shagon telan tana shinshina ƙyallaye, kada ka ce ai ba Toka ba ce. Ka gutsura mata abin da kake ci.

Saura magana ɗaya kafin in ba ka abin da kake jira, kuma ita ce mai nauyi. Ranar da aka fita da Ige, bara waccan, na dube ka. Mata na kuka, ƙannenka na birgima, kai kana tsaye jikin zaure kamar turke, kana karɓar gaisuwa kamar dattijo. Kowa ya ce yaron nan akwai tawakkali. Ni ban ce ba. Na ga da aka watse ka shiga ɗakinta ka ɗauko Toka daga kan tabarmarta ka kai naka ɗaki, tun daga ranar kuma ba ta sake cin abinci a hannun kowa ba sai naka. Ita ce abu na ƙarshe a gidan nan da ke zuwa bakin ƙofar Ige da safe ta zauna tana jira a buɗe.

Saboda haka in fatake suna maka tsiya, wai ƙato da gemu na tsirowa yana kukan kyanwa, ka bar su. Ba su san kukan wa kake ba. Ni na sani. Ka zaga bayan zango ka yi shi har ya ƙare, na Toka da na Ige gaba ɗaya, ka wanke fuska ka yi musu addu'a. Bashin kuka ne ka daɗe kana riƙe da shi.

To, ga abin da ya faru bayan Ɗan Tozai ya gama magana.

Na shiga na sami babanka yana cin tuwo na ce, "Kai wanga, tashi ka fasa rumbu."

Ya ce, "Inna, wane rumbu?"

Na ce, "Nawa gare ka da aka yaɓe?"

Ya ajiye loma ya ce, "Inna, da kaka? Lakar ko gama bushewa ba ta yi ba. Me gari zai ce? Ga masu ƙidayar haraji suna yawo unguwa, su zo su iske gerona zube a tsakar gida?"

Na ce, "Su zo su taya mu ɗauka."

Ya ce, "Saboda kyanwa, Inna?"

Na ɗauki taɓarya, na ɗaure zanena tamau, na jingina tsani, na sa ƙafa a matakin farko. Gwiwata ta yi ƙara har kaji suka watse. Na sa ta biyu. Sai ga shi a guje yana cewa, "Sauko Inna, don Allah sauko, kada ki ja mini abin faɗa!" Na ce ba ni saukowa sai ya karɓi taɓaryar nan. Ka ga abin da na kasa ina amarya, na yi shi ba haƙori a bakina.

Ya fasa. Ya leƙa ya yi kira, shiru. Ya ce, "Kin ji, ba ta nan." Na ce ban ji komi ba, a fito da geron. Ya shiga yana miƙo dami, ƙannenka suna karɓa, maƙwabta suka cika kan katanga suna kallo, wani har yana tambaya ko biki za mu yi. Ni ina zaune kan turmi, duk damin da ya fito sai an kwance shi a gabana na duba. Tun hantsi muke yi har inuwa ta juya. Tsakar gida ta cika da gero ba wurin taka ƙafa.

Maigida, Toka ba ta cikin rumbu. Ba ita, ba gashinta, ba alamar ta taɓa kwana ciki. Da idona na gani, dami bayan dami, har ƙasa. Hannunka bai rufe kowa ba.

Da aka fitar da na ƙarshe babanka bai fito ba. Muna tsaye sai muka ji muryarsa daga cikin rumbun, ƙasa ƙasa, tana amsa kuwwa cikin laka: "Tokata. Tokata, zo mana." Ka san Ige ce ke kiranta haka, da wannan jan murya. Ban taɓa sanin ya riƙe shi ba. Ya yi ta kira a rumbun da ya san ba komi ciki. Na kori yara da masu leƙe. Da ya fito idanunsa sun yi jajir, ya ce ƙaiƙayin gero ne. Na ce i, ƙaiƙayin bana akwai ƙarfi.

Ba za ni yi maka irin ta mai duba ba. Ban san inda take ba. Ta tsufa, ka sani, haƙoranta sun fara zuba kamar nawa, kuma irinsu in sun ji jikinsu ya yi nauyi sukan nemi wurin da ba kowa su kwanta. Yana yiwuwa kuma tana wani gida tana cin na banza, ta dawo mana da ƙiba. Allah kaɗai ya sani, kuma komowarka ba za ta ƙara mana sani ba. Duk lungun da za ka duba an duba. In ka juyo, abin da za ka iske shi ne rumbun da babanka ya sake yaɓewa da hannunsa, da tsohuwa mai ciwon gwiwa, kujerarka kuwa wani ya hau.

Nemanta kuwa, ka bar mini shi. Kaskonta yana nan inda ka saba ajewa, ni ke zuba nono kowace la'asar, in yi kira a bakin ƙofar Ige. In ta zo, duk mai jakin da ya fara nufar kudu zai kawo maka labari. In ba ta zo ba, shi ma za ni faɗa maka, ba za ni ɓoye ba. Kai naka shi ne ka tashi da ayari. Ige ce ta fara cewa hannunka na ɗinki ne, ranar da ka ɗinke mata bakin zane da zaren buhu ta ɗaura shi a haka har kasuwa.

Rigar farko da za ka ɗinka tawa ce, kada in ji ka kai wa wata mai wushirya. Kuma ka yi ta da faɗi, don na yi niyyar ƙiba.

Babanka bai ce in gaishe ka ba, amma ya zo ya tsaya kaina har sau nawa yana tambaya ko tawadar ta isa. Ƙannenka na gaisuwa. Ka gaida madugu, ka ce tsohuwa ta ce a sa maka ido wurin tuwo.

Allah shi sauke ku Ƙaura lafiya. Allah shi tsare gabanka da bayanka, shi haɗa ka da mutanen kirki, shi sa albarka a ƙafarka da allurarka. Allah shi jiƙan Ige. Toka kuma, inda duk take, Wanda ya halicce ta ya fi mu sanin wurin, Shi ya ba ta inuwa da ruwa.

Tashi ka ci tuwo, Maigida. In an ɗaura wa jakuna kaya, ka bi su.

Wassalam. Matarka ta gida, Hajo.